CMake na ta ce min Failed alhali GCC ɗina yana da abin, ina matsalar take?

ɗan_agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu C a gidan nan ku zo ku cece ni, yau kwana uku ke nan ina kan abu ɗaya har na fara ganinsa a mafarki.

Ni gyaran waya nake yi a Computer Village nan Ikeja, C ɗin da dare nake koya in akwai wuta. Kawuna yana harkar albasa a Mile 12, to shi ne na rubuta masa ɗan furogiram da zai riƙa riƙe lissafi, buhu nawa aka sauke daga tirela, nawa aka fitar, wa ya biya wa ya ci bashi. Kuɗin duk a kwabo nake ajiyewa cikin long long don an ja min kunne kar in kuskura in sa kuɗin mutane a float. Wajen ninka farashi da yawan buhu ina son in gane in lambar ta cika ta zube, sai na ga akwai __builtin_mul_overflow, kuma na karanta cewa a GCC, wato kwamfailar da ke fassara kod ɗin C zuwa harshen inji, daga GCC 5 aka fara samunsa, sai na yi haka

    #if __GNUC__ >= 5
    /* yi amfani da shi */
    #else
    #error "kwamfailar nan ta tsufa"
    #endif

A laftof ɗina mai Ubuntu 24.04 lafiya lau. Na tura wa abokina mai Mac ya gwada min, ya buga gcc, sai ga saƙona na cewa kwamfaila ta tsufa, alhali Mac ɗin ko shekara bai yi ba a hannunsa. Na ce ya duba min __GNUC__ nawa ne a wajensa, wai 4. Huɗu fa!

Wani ya ce min in daina duba lamba, in sa CMake, manhajar da ke tsara yadda za a gina furogiram, ya gwada da kansa. Na yi:

    include(CheckCSourceCompiles)
    check_c_source_compiles("
      long long ninka(long long a, long long b) {
        long long c;
        __builtin_mul_overflow(a, b, &c);
        return c;
      }" AKWAI_MUL_OVERFLOW)

Yanzu kuma a laftof ɗin nawa da abin yake aiki jiya, sai ya rubuto Performing Test AKWAI_MUL_OVERFLOW - Failed. Wato na gudu daga ruwa na faɗa rijiya. Ga GCC 13 a gabana, na san yana da abin don da idona na ga ya yi aiki.

To me ya sa duba lamba ba ya yi, kuma me na ɓata a gwajin nan? Sannan a ƙarshe a kan wata tsohuwar Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta, abin zai zauna a shagon kawu, ni kuma a laftof nake son in riƙa ginawa in kwafa mata don ita in ta fara gini sai ka je Oshodi ka dawo ba ta gama ba. Akwai kuma wata tsohuwar saba mai CentOS 7 da wani ya ba ni aron wuri in riƙa ajiye kwafin lissafin. Duk ina son kod ɗaya ya yi a kansu. Na gode.

kawu_linux:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, GCC ɗinka lafiyarsa ƙalau, gwajin ne ba shi da main, fankshin ɗin da furogiram na C yake farawa daga shi.

check_c_source_compiles sunansa yana yaudarar mutane. Ba fassara kod ɗin kawai yake yi ya tsaya ba, cikakken furogiram yake ƙoƙarin fitarwa, wato bayan kwamfaila ta gama sai an kira linka, wadda ke haɗa guntayen su zama furogiram ɗaya. Linka ta nemi main ta rasa, ta yi kuka, CMake kuma bai damu da dalilin kukan ba, shi dai abu bai ginu ba to amsa a'a ce. Rubuta shi haka:

    int main(int argc, char **argv) {
      long long c;
      (void)argv;
      return __builtin_mul_overflow((long long)argc, 3LL, &c);
    }

Na sa argc da gangan, kuma na mayar da sakamakon, don kar kwamfaila ta ga ba a amfani da shi ta share kiran gaba ɗaya gwajin ya wuce a banza.

Batun Mac kuma, abokinka ba shi da GCC ko kaɗan. A Mac in ka buga gcc, wata kwamfaila daban, Clang na Apple, ce take amsawa da sunan aro, ya buga gcc --version zai ga haka da kansa. Shi kuma Clang tun asali yana gabatar da kansa a matsayin GCC 4.2.1, __GNUC__ 4, __GNUC_MINOR__ 2, komai sabuntarsa haka zai ce maka. Don haka tambayar da ka yi masa ta "shekarunka nawa" ya ba ka amsar da yake ba kowa, alhali abin da kake nema yana da shi tun tuni. Kai da kake Computer Village ka fi ni sanin wannan, wa yake sayen waya saboda abin da aka rubuta a kwali? Sai an kunna, an sa sim, an kira, an gwada caji. To duk sana'ar configure da CMake ke nan, a rubuta ɗan guntun kod, a miƙa wa kwamfaila, a ga ko za ta haɗiye. Autoconf, wanda ke ƙirƙirar fayil ɗin configure, tun 1991 David MacKenzie ya fara shi a kan wannan tunanin, lokacin da kowane kamfani ke da nasa Unix da tasa kwamfailar kuma kowacce da nata halin. Fayil ɗin da yake ƙirƙira ya goge sau ɗaruruwa sunansa conftest.c, duk layin checking for kaza... yes da kake gani yana wucewa a guje, galibinsu ɗan furogiram ne aka gina aka jefar.

Gwajin hawa uku ne, kuma ya kamata ka san wanda kake buƙata. Akwai fassara kawai, a Autoconf AC_COMPILE_IFELSE. Akwai fassara da haɗi, AC_LINK_IFELSE. Akwai kuma wanda har sai an kunna furogiram ɗin an ga abin da ya fitar, AC_RUN_IFELSE, a CMake check_c_source_runs.

Naka na biyun yake so, kuma sabar nan taka ta CentOS 7 ita ce hujja. GCC 4.8.5 ne a kanta, bai san __builtin_mul_overflow ba, amma in fassara kawai ka ce ya yi ba zai ƙi ba, zai ɗauka wani fankshin ne da ka manta ba ka gabatar ba wanda za a samu can gaba, ya fitar maka da fayil ɗin .o salin alin. Sai an zo haɗi linka ta ce undefined reference. Ka ga da fassara kawai ka gwada da an ce maka akwai, ka yi murna, ginin gaske ya zo ya rushe. Saboda haka wannan haɗin da ya ba ka haushi yau shi ne zai cece ka a can.

Amma fa CentOS 7 tun 30 ga Yunin 2024 aka daina yi mata gyaran tsaro, lissafin kuɗin kawu a kanta kam a sake tunani.

ɗan_agege:

Allah ya saka da alheri Kawu, wlh kunya ta kama ni, main! Batun Mac ma abokin ya duba, Apple clang ya gani, yanzu shi ke ta mamaki.

Sai dai har yanzu da saura. Na kwafi naka daidai na sa, na sake buga cmake, yanzu ko layin Performing Test ɗin ma bai fito ba sam, ba Failed ba Success, shiru kawai, kuma config.h ɗina, inda amsoshin gwaji ke sauka, har yanzu babu AKWAI_MUL_OVERFLOW a ciki. Na sake kunna laftof ɗin ma ko aljanu ne, haka dai.

kawu_linux:

Ba aljanu ba ne, kash ne, wato cache, ma'ajiyar tsofaffin amsoshi, kuma sunan ya dace da shi don duk wanda ya kama sai ya ce kash.

CMake sau ɗaya yake yin gwaji, ya rubuta amsar a CMakeCache.txt cikin foldar gini, daga nan duk sanda ka sake kiransa in ya ga sunan a rubuce ba ya sake gwadawa, ko da ka canza kod ɗin gwajin gaba ɗaya. Yana nan riƙe da a'ar jiya. Ko ka goge foldar ginin, ko ka buga cmake -U AKWAI_MUL_OVERFLOW ya manta da wannan kaɗai, ko cmake --fresh in naka ya kai 3.24. Haka in ka canza kwamfaila, sabuwar folda za ka buɗe, kar ka haɗa amsoshin GCC da na Clang a tukunya ɗaya.

Kuma daga yau kar ka ƙara ganin Failed ka tsaya hasashe. Daga CMake 3.26 komai yana cikin CMakeFiles/CMakeConfigureLog.yaml, a tsofaffi kuma CMakeFiles/CMakeError.log. Nemi sunan gwajinka a ciki za ka ga umarnin da aka buga da abin da kwamfaila ta ce baki da baki. Da ka buɗe shi ran farko da ka ga undefined reference to main ka huta da kwana ukun nan. A Autoconf config.log ne, sai dai shi kar ka tafi ƙarshensa kamar yadda kowa ke yi, ƙarshen tarin sunaye ne kawai, ka nemi inda aka rubuta failed program was ka karanta abin da ke samansa. Kuma kar kowane error da ka gani ya tsorata ka, da yawa da gangan ne, har heda ta ƙarya yake nema mai suna ac_nonexistent.h don ya tabbatar kwamfaila ta iya cewa babu.

yar_idi_araba:

Sannunku. Kawu ya gama magana a kan main da kash, ni abin da ya taɓa cin min mako guda zan ƙara, don na ga alamar kai ma hanyar za ka bi.

Kar ka sa -Werror a CMAKE_C_FLAGS ko CFLAGS kafin gwaje-gwaje su gudana. Tutocin nan suna bin gwajin har ciki, to ɗan gargaɗi kaɗan, misali wani abu da aka ajiye ba a yi amfani da shi ba, sai ya zama kuskure, gwaji ya faɗi, a rubuta babu. A wani wurin da na yi aiki a Yaba haka aka yi, ogan ya ce shi ba ya son ganin gargaɗi ko ɗaya, aka zuba -Werror a sama, gini ya ci gaba da wucewa kore shar, ashe rabin gwaje-gwajen sun koma a'a, furogiram ya koma bin hanyoyin ko-ta-kwana masu nauyi, muna ta zargin saba da intanet. Sai da na ajiye config.h na da da na yanzu gefe da gefe na buga diff sannan na gani. In kana son -Werror ka sa shi da target_compile_options a kan naka kod ɗin kaɗai.

Irin wannan ne ya faru da duniya gaba ɗaya ma kwanan baya. Clang 16 a 2023, sai GCC 14 a 2024, suka mayar da kiran fankshin da ba a gabatar ba ya zama kuskure maimakon gargaɗi. Daidai ne abin da suka yi, tun C99 aka cire wannan ɗabi'ar daga ƙa'ida. Amma tsofaffin configure cike suke da gwajin da ke kiran exit() ba tare da stdlib.h ba, ko main() babu int a gabansa. Ginin ba ya tsayawa fa, abin tsoron ke nan, gwajin ne kawai zai ce babu, manhaja ta fito da wani sashe a kashe ba wanda ya sani. Mutanen Fedora da Gentoo sun sha aikin bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa. Kai yanzu kana GCC 13, ranar da ka koma Debian 13 ko wani mai GCC 14 ka ajiye tsohon config.h ka gwama. GCC 15 ma ya zo da nasa, ya koma C23 kai tsaye in ba ka faɗi wanda kake so ba, don haka ka rubuta CMAKE_C_STANDARD da hannunka tun kafin layin gwaji, kar ka bar wa kwamfaila zaɓi.

Sai gwajin tuta, wato ko kwamfaila ta san -Wkaza. Nan ma akwai rami. GCC in ka ba shi -Wno-wani-abu da bai sani ba shiru yake yi ya wuce, sai in wani gargaɗin daban ya taso sannan zai ambata. To in kana son sanin ko ya san -Wno-kaza, ka gwada -Wkaza, in ya karɓa sai ka sa na kashewar. Kernel ɗin Linux haka yake yi a cc-disable-warning. Clang shi kuma tutar gargaɗin da bai sani ba gargaɗi kawai yake yi ya fita lafiya, sai ka haɗa masa da -Werror=unknown-warning-option. check_c_compiler_flag na CMake yana karanta rubutun da kwamfaila ta fitar yana neman irin waɗannan kalmomin, shi ya sa ma yake mayar da harshen saƙonni zuwa C kafin ya gwada, kar a amsa masa da Faransanci ya kasa ganewa.

Ni dai yanzu Meson, wani takwaran CMake, nake amfani da shi in aikin nawa ne, cc.links() da cc.has_argument() da cc.get_supported_arguments(), wannan dabarar ta -Wno- ma yana yi maka da kansa. Amma tunda ka fara da CMake zauna a nan ka iya shi tukuna, ramukan duk iri ɗaya ne.

mai_shayin_obalende:

Ni fa ku yi haƙuri, ina ganin an ɗauko tirela don a kai buhu ɗaya. Yaro yana da furogiram na lissafin albasa, fayil nawa ne, uku? huɗu? an sa shi karatun YAML. Kwamfaila da kanta tana iya amsa wannan tambayar a cikin kod ba sai an gina komai a gefe ba:

    #ifndef __has_builtin
    #define __has_builtin(x) 0
    #endif
    #if __has_builtin(__builtin_mul_overflow) || __GNUC__ >= 5
    #define AKWAI_MUL_OVERFLOW 1
    #endif

Shike nan. Clang ya daɗe da __has_builtin don haka Mac ta wuce, GCC sai daga 10 ya samu shi ya sa na bar duba lambar a gefe saboda 5 zuwa 9, shi kuma 4.8.5 na CentOS zai faɗi duka biyun ya tafi hanyar hannu. Akwai 'yan uwansa __has_include da __has_attribute, su tun GCC 5 suna nan. Ba kash, ba log, ba jira. Wanda ya taɓa zama yana kallon configure na duba ko akwai stdlib.h a shekarar nan, batir na kashi 9 an ɗauke wuta mai janareta kuma ya ce sai an kawo kuɗin mai, ya san abin da nake faɗa. Rabin gwaje-gwajen nan na injinan da suka mutu tun kafin a haifi ɗan_agege ne.

Kuma ka cire #error ɗin nan ƙanena, ka rubuta hanyar hannu. Farashi da yawan buhu duk ba sa zama ƙasa da sifili, to in b ba sifili ba ne kuma a ya fi LLONG_MAX / b, ya zube. Layi biyu. Gaskiya ma in ni ne wannan kaɗai zan bari in manta da builtin ɗin, rabawa ɗaya ba za ta sa Pi ta yi gumi ba, buhu nawa ake saukewa a Mile 12 a daƙiƙa? C23 ma ta kawo stdckdint.h mai ckd_mul, GCC 14 yana da shi, nan gaba duk wannan surutun zai ƙare.

tsohon_injiniya:

Mai shayi, a kan wannan furogiram ɗin na yarda da kai ɗari bisa ɗari, hanyar hannu ta ishe shi. Amma kar yaron ya tafi da tunanin __has_builtin ya maye gurbin gwaji, don abin da kwamfaila ta sani kaɗai yake faɗa maka, bai san abin da ke cikin laburaren injin ba. strlcpy misali, Mac tana da shi tun da daɗewa, glibc, laburaren C na Linux, sai 2.38 a 2023 ta sa shi, don haka Ubuntu 24.04 akwai, 22.04 babu, kuma string.h tana nan a duka biyun, __has_include ba zai gaya maka komai ba. getrandom sai glibc 2.25, CentOS 7 kuma 2.17 ce. Waɗannan sai check_symbol_exists, wanda shi ma ginawa yake ya haɗa.

Ɗana, ga batun Pi ɗinka da ba wanda ya taɓa. In kana gini a laftof don wani injin daban, gwajin fassara da na haɗi suna aiki muddin kwamfailar ARM ka nuna wa CMake ta fayil ɗin CMAKE_TOOLCHAIN_FILE, ba ta laftof ba. Na ukun ne ba zai yiwu ba, laftof ɗinka ba zai iya kunna furogiram na ARM ba. Autoconf zai tsaya ya ce cannot run test program while cross compiling, ko ya yi zato, zaton kuma wani lokacin ya fi tsayawar muni. Duk wanda ya gina wa ƙananan injina abu ya san undefined reference to rpl_malloc, wanda ke zuwa don an kasa kunna gwajin malloc sai aka ɗauka nasu a lalace yake, maganin kuma ka ba shi amsar da bakinka, ac_cv_func_malloc_0_nonnull=yes. To ka guji gwajin kunnawa iyakar iyawarka. Girman long ma ba sai an kunna ba ake ganewa, check_type_size a wajen gini yake cirowa. Kuma in Pi ɗin tsarin bit 32 ne a kanta, long ɗinta bayit 4 ne ba 8 ba kamar na laftof, gara da ka ce long long. In wata rana ka taɓa atomic mai bit 64 a kanta za ka iya ganin undefined reference to __atomic_fetch_add_8, sai ka ƙara -latomic, wannan ma gwajin haɗi ne kaɗai ke kama shi.

Za ka ga ana ba da shawarar CMAKE_TRY_COMPILE_TARGET_TYPE=STATIC_LIBRARY. Na injinan da ba su da tsarin aiki ne, inda haɗin ba ya yiwuwa sai da shiri na musamman. Yana kashe matakin linka a duk gwaje-gwaje, ka koma ramin da kawu_linux ya nuna maka. Pi tana da Linux, ba ka buƙatarsa.

Abin da 'yata ta Idi-Araba ta faɗa na a'a mai shiru, bari in ba ku wanda ya fi kowanne. Kun tuna xz, manhajar matse fayiloli, da ƙofar bayan da aka dasa mata a ɓoye wadda Andres Freund ya tona ranar 29 ga Maris 2024, a 5.6.0 da 5.6.1? Da aka koma ana tankaɗe duk abin da mai asusun nan Jia Tan, wanda ya dasa ƙofar, ya taɓa, sai aka samu wani abu a CMakeLists.txt. Akwai gwajin check_c_source_compiles, irin naka sak, na duba ko Linux ɗin yana da Landlock, wani shingen tsaro da ke taƙaita abin da furogiram zai iya taɓawa. A cikin kod ɗin gwajin an sa ɗigo ɗaya tak a farkon wani layi. Ɗigo. C ba ta karɓar wannan, don haka gwajin ba zai taɓa wucewa ba a kowane inji a duniya, kullum babu Landlock, shingen a kashe, gini kuma kore. Wanda ya ga Failed zai ce injina ne ba shi da shi ya wuce abinsa.

Ni tun lokacin duk abin da na san dole ne a same shi a injin da nake nufi ba na barin shi ya faɗi a ɓoye. In Linux ne kuma gwajin ya ce babu, message(FATAL_ERROR) nake sa masa ya tsaya, wanda yake son gini ba tare da shi ba ya kashe da hannunsa da -D, ya san ya kashe.

mai_shayin_obalende:

Baba na karɓa a kan strlcpy. Amma ka lura labarin ɗigon nan ni ya taimaka wa, da gwajin bai wanzu ba ina za a ɓoye ɗigon? 😄

tsohon_injiniya:

Da an ɓoye shi a #if ɗinka, wa yake karanta su? Kawo shayi dai.

ɗan_agege:

Jama'a na dawo, Allah ya biya ku duka. Jiya a danfo daga Ikeja zuwa Agege gosulo ya riƙe mu wajen awa biyu, a waya na karanta amsoshin nan har sau biyu.

Ga inda aka kwana. Na goge foldar gini, Success ya fito nan take. Na buɗe YAML ɗin ma don in saba da shi, ba shi da ban tsoro kamar yadda na zata, umarnin gcc ɗin yana nan a fili har na kwafe shi na buga da hannu. Anti kin yi gaskiya, -Werror yana nan zaune a CMAKE_C_FLAGS ɗina tun ran farko don a wani bidiyo na gani, na mayar da shi target_compile_options. Na rubuta hanyar hannu ta Oga mai shayi a madadin #error, amma na bar gwajin CMake ɗin don ina son in koya, kuma na ƙara wani ɗan zaɓi da ke tilasta hanyar hannun ko da akwai builtin, don na lura in ban yi haka ba ba za a taɓa gwada ta a laftof ɗina ba sai dai a shagon kawu da kuɗin mutane. A Mac Success, a CentOS Failed, na duba log ɗin can kuma undefined reference to __builtin_mul_overflow ne kamar yadda Kawu ya ce, wato wannan a'ar ta gaskiya ce.

Pi ce ta rage. Na sa arm-linux-gnueabihf-gcc daga Ubuntu, gwaje-gwaje duk sun wuce, ya ginu, na kwafa mata ta filasha, ina kunnawa sai Illegal instruction. Pi 1 ce tsohuwa ta wajen wani mai kayan gwanjo na saya. Baba ko wannan ma log ɗin zan duba?

tsohon_injiniya:

Wannan ba ya cikin log, gwajin bai yi ƙarya ba, kwamfailar ce ba ta injinka ba. Pi 1 ARMv6 ce, ita kuma armhf ta Ubuntu da Debian daga ARMv7 ta fara, har guntayen da take liƙa wa kowane furogiram na farawa da libgcc duk na v7 ne, don haka ko ka sa -march=armv6 ba lallai ya tsira ba. Ko ka nemo kwamfailar da aka gina musamman don ARMv6, ko ka haƙura ka gina a kan Pi ɗin. Fayil huɗu ne, ka kunna mata kafin ka tafi sallar isha'i.